Tsohon katin girafik: wanne ya dace da kai, wanne za ka guje wa?

Sabon katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, ya yi tsadar da yawancin matasa masu son gem a kwamfuta sun koma kasuwar na hannu, shi ya sa tambayoyin wannan makon kusan duk a nan suka tsaya. Na zaɓo biyar waɗanda amsarsu za ta amfani sauran.

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gem, kuma ina son haɗa kwamfutoci biyar domin yara su riƙa buga ƙwallo da GTA V. An kawo mini RX 580 mai memori gig 8 da GTX 1060 mai gig 6, RX ɗin ya ɗan fi sauƙin kuɗi. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai shago a Katsina.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Waɗannan katunan biyu tun fitowarsu ake gwada su da juna. Kamfanin Nvidia ya fitar da GTX 1060 a watan Yulin 2016 a kan dala 249, kamfanin AMD kuma ya fitar da RX 580 a watan Afrilun 2017, mai gig 8 ɗin a kan dala 229. Idan ka jera su a allo mai 1080p, yaron da ke riƙe da fad ba zai iya gaya maka wanne ne a cikin akwatin ba. A tsofaffin wasanni irin GTA V, 1060 kan ɗan sha gaba. A waɗanda suka fito daga baya, masu cin memori, RX 580 ne ke ɗan wucewa saboda ƙarin gig biyun nan. Ratar ba ta kai a yi gardama a kanta ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne cin wuta, kuma kai wannan ne ya fi shafarka. GTX 1060 yana jan kimanin wat 120 idan yana aiki sosai, RX 580 kuwa wat 185. Bambancin wat 65 ke nan a kowace kwamfuta. Ka ninka sau biyar, ka sake ninkawa da awa goma idan shagon a cike yake yini guda, ka sami fiye da yunit uku na wuta a kullum. Idan janareta ke riƙe da shagon, man fetur ne wannan. Idan sola ce, batir ne da zai sauka tun kafin isha'i. Sannan duk wutar da kati ya ja, zafi take komawa a cikin ɗakin. Ka tuna yadda shago mai rufin kwano yake a watan Afrilu, ga yara goma sha a ciki. Ɗan ragin da aka yi maka a farashin RX, mai da fanka za su cinye shi.

Saboda haka a shagonka ni 1060 mai gig 6 zan saka. Wanda zai buga a gida, kwamfuta ɗaya, yana da fawa fak (akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta) mai kyau na wat 500 zuwa sama da ke da filogi mai ƙafa takwas, shi zan ce ya ɗauki RX 580 ɗin ya more memorin.

Amma ka buɗe ido a wurin saye, domin kowannensu yana da takwaran da ke yaudarar mutane. Akwai GTX 1060 mai gig 3. Ba memori kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin sarrafawarsa 1152 ne maimakon 1280, kuma gig 3 ya yi kaɗan ƙwarai a yau. A ɓangaren AMD akwai RX 580 2048SP da aka yi don kasuwar Sin. RX 580 na ainihi ƙwayoyinsa 2304 ne, wannan kuwa 2048, wato RX 570 ne aka canza wa suna. Katin yana aiki, ba jabu ba ne, amma kada a karɓi kuɗin babba a ba ka ƙarami. Yawancin RX 580 masu sabon kwali da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba, irinsa ne.

Abu na ƙarshe shi ne direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin. Tun ƙarshen 2023 AMD ta rage yawan sabunta direban jerin RX 500. Nvidia ma ta ce daga Oktoban 2025 jerin GTX 900 da GTX 10 sun daina samun direban sababbin wasanni, sai gyaran tsaro kawai duk bayan wata uku har zuwa Oktoban 2028. Wasannin da ke akwai za su ci gaba da tafiya, amma idan sabon wasa ya zo da matsala ba mai gyara maka. In aljihunka zai iya ƙari kaɗan, ka nemi GTX 1660 Super na 2019. Wat 125 yake ci, kusan daidai da 1060, ya fi su duka biyun ƙarfi a fili, har yanzu yana cikin waɗanda ake yi wa direba, kuma lokacin da wasan ƙwallo na EA FC 24 ya fito GTX 1660 ne katin da kamfanin ya ba da shawara a yi amfani da shi.

Malam, ina da HP EliteDesk siririya irin ta ofis, tokumbo, mai Core i5 da ram gig 8. Abokina zai sayar mini da RX 570. Zai shiga? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Ba zai shiga ba, ƙanena, kuma ko ka cire murfin ka tura shi da ƙarfi ba zai tashi ba. Siraran kwamfutocin ofis irin EliteDesk da OptiPlex kati gajere suke ɗauka, mai rabin tsayi. Fawa fak ɗinsu ƙarami ne, yawanci wat ɗari biyu da 'yan kai, kuma ba shi da wayar da ake jona wa katin girafik. RX 570 yana neman wat 150 da filoginsa na daban, alhali ramin da ake soka katin a kan bod, wato babban allon cikin kwamfuta, wat 75 kawai yake bayarwa.

Kada ka bari wani ya ce zai haɗa maka da 'yar wayar da ke jan wuta daga layin had dis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta. Wayar kan yi zafi har robar ta narke, wani lokaci ta tafi da bod ɗin. Canza fawa fak ɗin ma ba sauƙi, domin HP da Dell suna da nasu irin filogin a waɗannan akwatunan.

Abin da za ka nema shi ne gajeren kati da ramin kaɗai ke ciyar da shi: GTX 1050 Ti ko GTX 1650, dukkansu masu gig 4 da wat 75. Na biyun ya fi ƙarfi sosai, shi zan fi so maka. Ka tabbata an ba ka gajeren ƙarfen bayansa. Akwai RX 6400 mai wat 53, amma layi huɗu kawai yake amfani da su a ramin, don haka a tsohon bod mai tsohon samfurin rami, wato PCIe 3.0, yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, kuma ba ya iya naɗar bidiyon wasa da kansa. GT 1030 kuwa sai dole, kuma in dolen ce ka duba ya zama mai memori samfurin GDDR5. Akwai mai DDR4 da suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, amma ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. Ka kuma ƙara ram ya zama gig 16, sanda biyu masu gig takwas-takwas. Wannan kaɗai yana rage sarƙewar wasa fiye da yadda mutane suke zato.

Ranka ya daɗe, na sayi GTX 1050 Ti sabo a kwali da arha. Windows na nuna sunansa daidai, amma da na buɗe gem sai ya fita ko allo ya cika da ɗige-ɗige. Direban Nvidia ma ya ƙi hawa, sai na faifan da ya zo da shi. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Ka yi haƙuri, alamun nan duk na jabu ne. Abin yana ƙona mini rai, domin kusan kullum wanda ya daɗe yana tara kuɗi ne ke faɗawa. Yadda suke yi shi ne su ɗauko tsohon kati irin GTS 450 ko GTX 550 Ti, na wajen 2010 da 2011, su sauya 'yar manhajar da ke cikin katin ta riƙa faɗin sunan ƙarya da memorin ƙarya. Katin yana cewa yana da gig 4 alhali gig 1 ne a jikinsa. Muddin kana kallon bidiyo ko rubutu lafiya lau, da wasa ya nemi memorin da babu shi sai komai ya rushe.

Juya katin ka dubi bayansa. Idan ka ga ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji 15, to kusan tabbas jabu ne, domin jerin GTX 10 sun bar wannan tsohuwar hanyar fitar da hoto. Sai ka sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin girafik, kyauta ce kuma 'yar ƙarama. Tana gane da yawa daga irin waɗannan katunan har ta rubuta gargaɗi a gaban sunan. Ko ba ta rubuta ba, dubi sunan ƙwaƙwalwar katin da adadin ƙwayoyinsa: 1050 Ti na gaske GP107 ne mai ƙwayoyi 768. In ka ga suna mai farawa da GF da ƙwayoyi 192, an gama magana. Ka ɗauki hoton allon ka koma wa mai shagon cikin lalama, domin sau da yawa shi ma haka aka sayar masa.

Malam, an ce kada a sayi katin da aka yi haƙar kirifto da shi. Gaskiya ne? Kuma ta yaya zan gane? Daga wani matashi a Jos.

Da wuya ka gane da ido, kuma in RX 570 ko RX 580 ne ka ɗauka kawai an yi haƙa da shi har sai ka ga akasin haka. Su ne dokin aikin masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, kuma da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik a ranar 15 ga Satumban 2022, aka kwararo su kasuwannin duniya.

Ni ba na cewa a guje su gaba ɗaya. Da yawan masu haƙa suna rage wa katin wuta don su rage kuɗin lantarki, saboda haka ƙwaƙwalwar ba ta cika wahala ba. Abin da ke gajiya shi ne fanka, da memori, da man sanyaya da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfenta, wanda ke bushewa ya zama kamar alli. Akwai kuma waɗanda aka sauya wa manhajar ciki don haƙa ba a mayar ba. Irinsu direban AMD kan ƙi karɓar su.

Mafita ita ce gwaji a gaban mai kaya kafin kuɗi ya fita daga hannunka. A saka katin, a sauke direba daga shafin kamfanin a ga ya hau. A kunna FurMark, manhajar gwajin ƙarfin kati, ko wani wasa mai nauyi na minti ashirin ko talatin, GPU-Z na buɗe kana kallon zafi. Idan ya tsaya a digiri saba'in da wani abu, madalla. Idan yana haura 85 yana neman 90, ko fanka na ƙara kamar za ta fita, ko ɗaya ta tsaya cak, ko ka ga layuka da ɗigo masu launi, ajiye shi. Kafin a kunna ma ka juya fankar da yatsa ka ji ko tana girgiɗi, ka shinshina wajen filogin wuta ko akwai ƙauri, ka duba bod ɗin ko ya yi duhu-duhu a bayan memori. Duk mai kayan da ya hana ka gwaji, tafi wani shagon. In ka saya, ka sa mai gyara ya canza man sanyayan, sannan lokacin hunturu ka riƙa hure ƙura akai-akai, ka riƙe fankar da yatsa yayin hurawa kada ta yi ta juyawa a banza.

Ina yini Malam. Ɗana ya dage sai GTX 1080 Ti, wai shi ne sarki. Mai shago kuma ya ce RTX 2060 ya fi. Ni ban san komai a kai ba, kuɗin ne nawa. Daga wata uwa a Kaduna.

Lafiya lau Hajiya, Allah Ya raya shi. Kowannensu yana da gaskiyarsa. GTX 1080 Ti na 2017 ya fi ƙarfi zalla, yana da gig 11, kuma yawancin wasannin da yaron ya sani zai buga su fiye da 2060. Sai dai yana cin wat 250, yana buƙatar babban fawa fak, yana cikin waɗanda aka daina yi wa direban sababbin wasanni, kuma wasu sababbin irin Doom: The Dark Ages na 2025 ba sa buɗewa a kansa sam, domin suna neman fasahar haske ta musamman da Nvidia ba ta fara sakawa a katunanta ba sai daga jerin RTX. RTX 2060 na 2019 yana da wannan fasahar kuma wat 160 yake ci, amma gig 6 ɗinsa ya fara yin kaɗan.

In nawa ne kuɗin, ba zan ɗauki ko ɗaya ba sai na tambayi farashin RX 6600 mai gig 8, wanda wat 132 kawai yake ci, da RTX 3060 mai gig 12. Dukkansu na 2021 ne, ana samun su na hannu, kuma za su fi daɗewa suna yi masa amfani. Kafin ki ba da ko sisi, ki sa ya buɗe gefen kwamfutar ya karanto miki lambar wat da ke jikin fawa fak ɗin, da sunan furosesa, ya kuma auna tsawon wurin da katin zai zauna. Ki turo mini su, sai in gaya miki wanda zai shiga ba tare da an sake kashe wani kuɗin ba.