Gidan da Kaka ya ce kada a sayar

Yaya, salamu alaikum. Ya mutanen Kwarbai, ya ƙarfin jikin Inna? Saƙonka ya iso, na kuma ji halin da kuke ciki kan gonar Baba ta hanyar Shika da takardar da ya bari cewa kada kowa ya sayar. Ka ce ka ji mu 'yan zangon Kumasi ba ma sayar da gidan gado, shin doka ce ta hana mu?

Ba mu cika sayarwa ba kam. Gidanmu na Aboabo ɗaki goma sha huɗu ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Da Kaka ya rasu ɗaki-ɗaki aka raba, kowa ya san ƙofarsa, wanda ya koma Akra ya zuba ɗan haya. Amma sai wanda ya ga 1969 zai gane zafin wannan magana a bakin dattawanmu. A shekarar ce gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Gana. Mutane suka yi ta rabuwa da gidajensu a wulaƙance, suna hawa manyan motoci da tabarmi da tukwane. Kaka ya dafe ƙofarsa ya ƙi. Har ya koma ga Allah yana cewa wanda ba shi da bango a zango baƙo ne, ko a nan aka yanke masa cibiya.

A kotu kuwa zancen daban ne. Dokar wasiyya ta Gana ta 1971 ta yarda mutum ya bar dukiyarsa ga wanda ya so, muddin a rubuce take da shaidu biyu. Sai dai alƙalan nan sun gaji wata ƙa'ida daga Ingila: ba ka mallaka wa mutum abu sannan ka ɗaure masa hannu har abada. Idan hanin na gaba ɗaya ne, kyautar za ta zauna, sharaɗin ya faɗi. Shi ya sa masu hangen nesa suke rubuta cewa gidan na dangi ne duka, yadda maƙwabtanmu Asante suke yi. Da an rubuta haka, shugaban dangi ba zai sayar ba sai manyan gida sun amince, in ya yi gaban kansa a kai shi kotu a warware cinikin. Ƙasar ma ba tamu ba ce, ta sarauta ce, hayar shekara 99 aka saba bayarwa.

Malamanmu 'yan Malikiyya ne irin naku, amsarsu ɗaya. Rai na fita dukiya ta zama ta magada. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji sai sauran sun yarda. Da Baba ya yi wakafin gonar yana da lafiyarsa, ya fitar da ita daga hannunsa, da ta ɗauru. Takarda kawai da ta ce kada a sayar, roƙo ne na uba, kuma ina ganin haka alƙalin kotun shari'a a Zariya zai gaya muku.

Roƙon uba yana da nauyi, ban raina shi ba. Amma na ga abin da ya yi wa Goggo. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ba ta da komai sai ɗakuna biyu da ta gada a gidan Kaka, kunya ta hana ta furta kalmar sayarwa har ƙafafunta suka kumbura. Wannan jinkiri yana ci mini rai har gobe. Daga baya muka zauna gaban liman, aka kira dillali ya yi wa ɗakunan kuɗi, mu huɗu muka haɗa muka biya ta. Gida bai fita daga dangi ba, ita ma ta samu na asibiti.

Ku ma kuna da wannan ƙofa tunda ba a raba gonar ba, haƙƙin shufa'a, wato damar abokin tarayya ta karɓar rabon da aka sayar ya biya kuɗinsa, ya ba ku fifiko a kan bare. Kafin ku nufi kotu, Yaya, ka kira ƙanwar tamu da ta ce a fitar mata da rabonta, ku biyu kawai, ka ji abin da ya matsa mata. In kuɗi ne, ka sanar da ni nawa, zan sa hannu a ciki.

A gaida Inna da yara.