Kuɗin adashena: hannun jari ko foreks?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya. Wata mai kamawa zan kwashi adashe, naira dubu 400. Ƙanena ya ce in ba shi ya juya mini su a foreks ta waya, wai cikin wata biyu za su ninka. Ni kuma hankalina ya fi karkata ga hannun jari, sai dai ban san ta inda ake farawa ba. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da farko, ke ce ta nawa a layin kwasa? In da sauran zubi a kanki, to wani kaso na kuɗin nan bashi ne, kuma ko sun salwanta uwar adashe za ta zo karɓa ƙarshen wata. Ki cire wannan kaso ki ajiye gefe tukuna.

Maganar foreks kuwa, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje, ba na ba ki shawarar shiga, ko da ƙanenki ya fi kowa amana. Matsalar tana cikin tsarin ne. Dillalin foreks yana ba mutum damar yin ciniki da ninkin kuɗinsa, wani lokaci har sau 100. Mai dala 100 sai ya riƙa juya dala 10,000. Idan farashi ya motsa da kashi 1 cikin 100 kacal ta ɓangaren da bai zata ba, uwar kuɗinsa ta tafi gaba ɗaya, kuma irin wannan motsi kan faru tsakanin azahar da la'asar. A 2018 hukumar da ke sa ido kan kasuwannin jari ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Alkawarin ninki cikin wata biyu kuma shi ne irin romon bakan da aka yi wa mutane a tsare-tsaren damfara na MMM a 2016 da CBEX a 2025, har dukiyoyinsu suka narke.

Hannun jari daban ne. Kin sayi wani yanki ne na kamfani mai aiki a zahiri, kamar Dangote Cement ko MTN Nigeria ko BUA Foods, kuma in ya ci riba ya yanke shawarar rabawa, za a ba ki rabonki bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100. Amma shi ma yana faɗuwa. A Maris 2008 ma'aunin farashin kasuwar hannun jari ta Legas, wadda yanzu ake kira NGX, ya haura maki 66,000, kafin shekara ta zagayo ya gangaro kusan 20,000, bai kuma sake taka wancan matsayi ba sai a 2023. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu cin bashin banki su sayi hannun jari, domin dole ta sa suka sayar da arha. Saboda haka nake cewa kuɗin da ba za ki nema ba nan da shekara biyar su kaɗai ya kamata su shiga.

Hanyar farawa ba wuya. Ki nemi dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari a Najeriya, ki duba sunansa da idonki a shafin hukumar. Da BVN da katin shaida zai buɗe miki asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da sunanki. Ki tabbata da sunanki ne, ba na ƙane ko maigida ba. Na ga iyalai da dama suna wahalar neman gadon hannun jari saboda wannan. Ki kuma cike takardar da za ta sa ribarki ta riƙa shiga asusun bankinki kai tsaye.

In halasci ne damuwarki, kasuwar NGX tana da jerin Lotus Islamic, wanda ke tsame bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa da kamfanonin giya da na caca. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci ba tare da kuɗin ruwa ba, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina tituna, ana biyan masu zuba jari kuɗin haya sau biyu a shekara. Da ni ne, sai in sa kaso mafi tsoka a sukuk, sauran in raba wa kamfanoni uku ko huɗu masu sana'a daban-daban, ina saye kaɗan-kaɗan duk wata maimakon in zuba su rana ɗaya.