Amsa ga ƙanena mai kiɗan fiyano da ke shirin zuwa karatu Suwidin

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso ta hannun yayanka, na kuma nemi izininsa in amsa a fili saboda ba kai kaɗai ne ka taɓa yi mini irin wannan tambaya ba. Ka ce shekara shida ke nan kana kiɗan fiyano a wani situdiyo da ke Titin Gidan Zoo a Kano, kana so ka zo nan ka karanci haɗa kiɗa, ka kuma ji cewa a Sitokholm ake ƙera jan fiyanon nan na Nord da ake gani a gaban manyan makaɗa. Abu biyu ka tambaya: ko ka sayar da Yamaha PSR ɗinka ka fara tara kuɗin Nord Stage, da kuma ko ɗalibi zai iya riƙe kansa da haɗa saitin sauti yana sayarwa ta intanet.

Abin da ka ji game da Nord gaskiya ne. Kamfanin Clavia ne yake ƙera shi a Sitokholm, kamfanin da Hans Nordelius ya kafa da abokinsa a 1983, kuma Nord Stage na farko ya fito a 2005, Stage 2 a 2011, Stage 3 a 2017, Stage 4 a 2023. Sai dai kusanci da masana'anta bai sa ya yi araha ba, domin sabo ya fi kuɗin hayar ɗakin ɗalibi na watanni, ni kaina na hannu na saya a shafin Blocket bayan na daɗe ina kiɗa da na aro. Akwai kuma abin da ya fi tsadar muhimmanci a gare ka. Nord Stage ba shi da lasifika a jikinsa, ba shi da gangunan da ke bin hannun hagu, ba shi da salon nan da kake dannawa a PSR kiɗa ya tashi da kansa. An yi shi ne domin mutumin da zai zauna cikin ƙungiya, ga mai ganga ga mai jita, shi kuma ya riƙe fiyano da ogan da sauran muryoyi. Wanda ya saba shi kaɗai ne ƙungiya, kamar yadda muka saba a Kano, ranar farko zai ji kamar an ba shi mota babu taya. Bukukuwan auren 'yan Somaliya da Eritiriya da Sudan da ake yi a unguwannin Rinkeby da Tensta na Sitokholm, waɗanda su ne aikin da baƙo ya fi saurin samu, yawanci da Korg Pa ko Yamaha ake yin su, wato irin abin da hannunka ya riga ya sani. Saboda haka kada ka sayar da PSR ɗinka don Nord. Idan nauyin kaya ya hana ka tahowa da shi, ka kwashe salo da saitin da ka tara a filashi, ka ajiye kwafi na biyu a intanet.

Yanzu ga maganar saitin sauti, wadda a nan nake so in daɗe. Abin da ake kira saiti a Nord ba sautin ba ne shi kansa. Umarni ne da fiyanon yake ajiyewa, cewa ɗauko wannan fiyano, ɗora masa wancan samfurin sauti (wato sautin da aka ɗauka aka ajiye), raba maɓallai daga nan zuwa can, ƙara amsa-kuwwa kaza, idan an taka feda kuma murya ta biyu ta shigo. Stage 3 da nake riƙe da shi yana da ɓangare uku, na ogan da na fiyano da na sinta (mai ƙirƙirar sauti da lantarki), kowanne kashi biyu, ana iya raba maɓallansa har yanki huɗu, yana kuma ajiye saiti 400. Wurin ajiyar fiyano gigabait 2 ne, na samfurin sauti kuwa megabait 480 ne kawai, don haka dole mutum ya koyi tsimi. Daga masana'anta yana zuwa da makullin ajiya a kunne, sai ka shiga ka kashe shi kafin ya yarda ya adana abin da ka haɗa. Na ɓata rabin yini ina zaton na sayi lalatacce kafin in gane haka.

Duk wannan ana koyonsa cikin mako biyu, kuma dubban mutane sun iya. Idan ka haɗa saitin fiyano mai taushi da goge irin na Turawa a bayansa, ka shiga kasuwar da ta cika maƙil, inda wasu suka shekara ashirin suna bayar da irinsa kyauta, shi kansa kamfanin kuma yana barin mai Nord ya sauke rumbun sautukansa ba tare da biyan ko kwabo ba. Abin da babu shi a rumbun, ko kuma akwai kwaikwayonsa marar daɗi, shi ne abin da kake wucewa ta gabansa kullum ba ka waiwaya ba: kalangu, da kotso, da goge, da kukuma, da garaya, da gurmi, da algaita, da shantu, da ƙwaryar da mata ke kaɗawa a kan ruwa. Mu a situdiyon Kano mun shekara da shekaru muna neman sarewa da tabla, gangar Indiyawa, a cikin Yamaha muna lanƙwasa su su yi kama da namu, alhali masu kayan na ainihi suna nan a unguwa. A nan kuwa, duk lokacin da na danna kalangu daga cikin Nord a wurin gwaji, sai makaɗa sun bar abin da suke yi sun zo sun leƙa.

Bari in faɗa maka yadda na samo shi. Da na je hutu gida, na roƙi wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa ya ba ni dare ɗaya. Mun jira har wajen ƙarfe ɗaya, lokacin da janareton maƙwabta ya mutu 'yan adaidaita suka tashi, muka jingina katifu biyu a bango, muka rufe taga da bargo, na kafa makirufo kamar taƙi biyu daga bakin kalangun. Na ce ya buga sau ɗaya ya tsaya har sautin ya mutu. Ya dube ni ya ce shi bai taɓa jin kiɗan da ake bugu ɗaya a yi shiru ba, ya tambaya ko a Turai haka ake rawa. Da ƙyar na shawo kansa. Muka ɗauki bugu a sake, da bugu a matse, da wanda ake bugawa sannan a matse igiyoyin a hammata sautin ya hau, da wanda ake saki ya sauko, kowanne da ƙarfi da kuma a hankali. Wajen asuba fatar ta sha sanyi muryarta ta sauka, sai da muka ɗan gasa ta kafin mu ƙarasa. Na fito da bugu wajen arba'in masu tsabta, kuma su ne jarin da nake ci har yau.

Sauran aikin na kwamfuta ne. Ana ɗaukar sautin a fayil na WAV, a yanke kowane bugu daidai inda ya fara, domin ko ɗan shirun da ba ka ji a kunne za ka ji shi a yatsa kamar fiyanon yana jan ƙafa. Daga nan sai manhajar Nord Sample Editor, wadda kyauta ce, inda ake ɗora kowane bugu a kan maɓallinsa. A Stage 3, samfurin da mutum ya haɗa da kansa ba ya ɗaukar bugu mai ƙarfi da mai laushi daban-daban a maɓalli ɗaya, sai na jera su a maɓallai maƙwabta, na sake a hagu na matse a dama, yadda yatsu biyu za su iya yin zance irin na kalangu. Ɗan sandan katakon da ke gefen hagu, wanda ake lanƙwasa sauti da shi, yana taimakawa wajen kwaikwayon matsi, amma bai kai wanda aka ɗauka daga hammatar mai shi ba.

Goge da algaita sun fi wuya, domin sautinsu ja ne ba bugu ba, sai ka nemo wurin da zai riƙa zagayowa ba tare da an ji gaɓa ba, wannan kuwa yana iya cin dare guda a kan murya ɗaya. Akwai kuma maganar ma'auni. Fiyano ya raba tsakanin murya da takwararta ta sama gida 12 daidai wa daida, mai goge kuwa ba da wannan ma'aunin ya koya ba, yatsansa yana sauka ne inda kunnen gidansu ya ce ya sauka. Idan ka bar manhaja ta miƙar da kowace murya ta koma ma'aunin Turawa, za ka sami goge mai tsabta wanda ba na kowa ba. Ni nakan ɗauki kowace murya yadda mai ita ya ja ta, in ba ta maɓallinta ita kaɗai, in toshe sauran maɓallan da ba ya amfani da su. Nakan kuma yi kashi na biyu da aka daidaita, saboda ranar da za a haɗa shi da jita.

Wajen rabawa ne na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Wani abokina ɗan Gambiya ya roƙe ni saitin kalangun domin wani biki, na tura masa fayil ɗin saitin, ɗan ƙarami da ko a WhatsApp yana wucewa, ya loda ya tafi bai gwada ba. Ana tsakiyar shigowar amarya ya danna, fiyanon ya nuna masa cewa bai sami samfurin ba. Laifina ne, domin umarnin na aika ban aika sautin ba. Manhajar Nord Sound Manager tana da hanyar ƙunshe saiti tare da duk fiyano da samfurin da yake buƙata a dami ɗaya, wannan damin shi ake turawa. Ka kuma rubuta wa mai karɓa irin fiyanon da aka yi shi dominsa, saboda saitin Stage 2 ba ya buɗewa a Stage 3, na Stage 3 kuma ba ya buɗewa a Stage 4, balle a Korg ko Yamaha da kowanne yake da nasa tsarin fayil. Abin da ke tsallake duk waɗannan shingaye shi ne WAV na asali, shi ya sa nake ajiye shi a wuri uku. Kafin ka saki kowane saiti, ka saurare shi a lasifika ɗaya tak, ba a abin kunne ba, domin a yawancin zaurukan biki haka zai fito. Ka daidaita ƙarfinsa da na 'yan'uwansa don kada injiniyan sauti ya riƙa zabura duk lokacin da ka canza. Ka rage amsa-kuwwa, zauren zai ƙara nasa. Sunan ma ka taƙaita shi yadda za ka karanta a ɗan allon cikin duhu.

Akwai haƙƙi a cikin wannan sana'a, kuma a nan ba a wasa da shi. Ba a yanko sauti daga faifan wani a saka a saiti a raba, ko da mai faifan ya rasu, ba a kuma sayar da abin da aka sauke daga rumbun kamfani a matsayin na kai. Dattijon nan na biya shi kuɗin darensa, na bayyana masa a gaban ɗansa cewa bugunsa zai shiga hannun mutanen da bai sani ba, muka rubuta abin da muka amince a takarda, duk lokacin da damin ya kawo wani abu kuma ina aika masa rabonsa. Ka yi haka tun kana gida, domin neman izini daga nesa bayan abu ya bazu yana da wuya, kuma idan wani kamfani ya nemi sayen sautukanka, takardar ce farkon abin da zai tambaya.

Game da riƙe kai, amsata ita ce a'a. Abin da saiti yake kawo mini a wata mai kyau bai wuce kuɗin katin jirgin ƙasa da cefane na 'yan kwanaki ba, wani watan kuma babu komai, abin da ya shigo ma sai an bayyana wa hukumar haraji ta Skatteverket. Tun 2011 yawancin ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai, har da irinmu, suke biyan kuɗin makaranta a Suwidin, hukumar shige da fice ta Migrationsverket kuma tana son ganin kuɗin zamanka a asusu kafin ta ba da izini, ba ta lissafa cinikin da kake fatan yi. Amfanin saitin ta wata hanya yake zuwa. Wanda na bayar kyauta shi ya sa wani mai haɗa kiɗan wasan kwaikwayo ya neme ni, daga nan wasu suka ji. Makarantun kiɗa na nan, har da Kungliga Musikhögskolan da aka kafa a 1771, da gwaji da kuma aikin hannunka suke ɗaukar ɗalibi, yawancin karatun digiri na farko kuma da harshen Suwidin ake yi, ka duba wannan da kyau kafin wa'adin neman gurbi da ke cika a tsakiyar Janairu. Mai neman gurbin da ya gabatar da kayan kiɗan garinsu da ya ɗauka da kansa, ya yanka, ya jera, ya kuma haɗa kiɗa da su, ya nuna kunne da sanin na'ura a lokaci ɗaya.

Don haka kuɗin da ka fara tarawa, ka cire kaɗan ka sayi ƙaramar na'urar ɗaukar sauti mai kyau, ko ka ari makirufon situdiyonku da dare. Ka fara da shantu ko ƙwarya, sun fi sauƙin yanka, ka bar goge sai hannunka ya faɗa. Idan ka gama bugu goma na farko ka turo mini su ta hannun yayanka ba tare da ka sa musu amsa-kuwwa ko wani gyara ba, zan ɗora su a Nord in ɗauko maka yadda suka fito, in nuna maka inda yankan ya yi latti. Ka gaishe da su Mama da mutanen situdiyo.