Ga mai cewa "Kawu, ka jawo ni Jamus"

Jiya da daddare na dawo daga aiki a gajiye liƙis, na tarar da saƙon murya na minti huɗu daga ɗan yayata. Minti uku gaisuwa, sannan aka zo kan magana: "Kawu, don Allah ka jawo ni, ƙasar nan ta ƙi zaunuwa." Bari in amsa masa a nan, masu irin wannan saƙo su ma su karanta, in huta.

Ɗana, ba rowa nake maka ba, igiyar jan mutum ce ba ni da ita. Na tambaye ka abin da kake son karantawa, ka ce ko mene ne. Na tambaye ka fasfo, ka ce Baba bai ba da kuɗi ba tukuna. Wata takwas ke nan da na turo maka shafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, inda aka jera kwasa-kwasan digiri na biyu da ake koyarwa da Turanci. Ba ka buɗe ba, amma kullum ina ganinka a TikTok. Ni kuɗin fasfona da koyar da yara lissafi bayan la'asar na tara shi, lokacin da manyan gidanmu ke cewa zan je in dawo ba salla.

An gaya maka karatu kyauta ne. Haka ne a yawancin jami'o'in gwamnati, sai ɗan kuɗin zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga irinmu da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Abin da ba a gaya maka ba shi ne asusun da ake kullewa kafin a ba ka biza. A ƙa'idar 2024, yuro 11,904 za ka zuba, a riƙa sakar maka 992 duk wata. Ka buga da canjin yau ka gani. A cikin 992 ɗin nan za ka biya haya, ka biya inshorar lafiya sama da yuro 120, har da kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 kan kowane gida, ko ba ka da akwatin. Aiki kuma doka ta ba ɗalibi cikakkun kwanaki 140 a shekara. Wannan hoton nawa a cikin dusar ƙanƙara da kuke ta yawo da shi, daga sito na fito, na yi awa takwas a tsaye ina jera kwalaye.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kusa karya ni shiru ne. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Hunturuna na farko zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai cewa sannu, balle a aiko da kunu. Da rarrafe na kai kicin na dafa ruwan zafi. Da na samu na miƙe, sai ga wasiƙu uku a akwati, duk da Jamusanci, kowace da wa'adinta. Nan ba a cewa "na san wani". Mako biyu aka ba ka ka yi rajistar adireshinka bayan ka tare, kuma ba mai tuna maka.

Ranar da kakarka ta rasu kana gida, kai ka ɗauki makara. Ni a ɗakin hutun ma'aikata na ga kira goma sha ɗaya. Ta cika da asuba, kafin azahar an kai ta. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma kan kwalaye, don in na tafi ba kuɗin haya. Har yau akwai masu cewa na fifita kuɗin Turawa a kan uwata, kuma su ne dai ke turo lambar asusu duk ƙarshen wata.

Ban yi nadama ba, kada ka ji ni a karkace. Na kammala digirina, ina da aikin da ba wanda ya roƙa mini, ni na yi wa gidanmu rufi. Amma kowace takarda da hannuna na cike ta, sau biyu ana ƙin ɗaukata kafin a dace.

Batun abokinka mai cewa ku bi ta Agadas kuwa, kada in sake ji. Na zauna da waɗanda suka tsallake Sahara da teku, shekaru suna jiran takarda, kuma 'yan Najeriya kaɗan ne ake ba mafaka.

Ka yi fasfo. Ka karɓo sakamakonka daga jami'a. Ka fara Jamusanci ko a waya ne, jarrabawar kuma ana yi a cibiyar Goethe da ke Legas. Ka zaɓi kwas uku, ka rubuta dalilinka da kanka, ba kwafe ba, ka turo in gyara. Kuɗin neman gurbi na ɗauka. Ka gaida Yaya, ka ce mata kuka da daddawar sun iso.