Karanta ƙwandalar kafin ka karanta takardar dillali

Ɗana, tambayarka ta jiya ta kwana a raina, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka amsa a tsanake. Ka nuna min hoton wata ƙaramar ƙwandalar tagulla ta zamanin Rumawa, wadda dillali ya rubuta a ƙarƙashinta cewa ta Konstantin Mai Girma ce, an buga ta a birnin Konstantinoful (Istanbul ta yau), kuma ba a cika samun irinta ba. Sai ka ce: "Maigida, mutumin nan ya daɗe a sana'a. Idan mun saya, ba sai in kwafe abin da ya rubuta a littafinmu ba? Kuma in ya yi kuskure, macuci ne ke nan?"

Kada ka kwafa. Takardar dillali ji ne, ƙwandalar da ke tafin hannunka gani ne, kuma ka san wanda ke korar wani. Ɗauko hoton mu karanta tare.

Dubi rubutun da ya zagaye kan sarkin: CONSTANTINVS IVN NOB C. Dillalinka ya ga kalmar farko ya tsaya, alhali maganar tana cikin sauran. IVN gajarce kalmar Latin ce mai nufin ƙarami, NOB C kuma muƙamin Kaisar ne, wato yarima mai jiran gado, ba babban sarki ba. Wannan Konstantin na Biyu ne, ɗan wancan, wanda aka naɗa Kaisar a shekarar 317 yana jariri, aka kashe shi a 340. Da ta uban ce, a irin wannan bugu da ka ga CONSTANTINVS MAX AVG, da kuma kambin sarauta mai duwatsu a kansa, ba rawanin ganye ba. Akwai kuma ƙanen Konstantin na Biyu, wato Konstantiyus na Biyu, wanda ake rubuta sunansa CONSTANTIVS. Harafi ɗaya tal ya raba sunayen biyu, N ɗin da ke kusa da ƙarshe, kuma idan ƙwandala ta goge shi ne ke fara ɓacewa a idon mai gaggawa. Fuskokinsu ba za su taimake ka ba, domin masu sassaƙa hatimi na wannan zamani kusan fuska ɗaya suke yi wa duk gidan. Kama da wane ba ta wane.

Juya bayanta. Sojoji biyu a tsaye, tutoci biyu a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS. Tutoci biyu na nuna bugun 330 zuwa 335, bayan nan aka rage nauyin ƙwandalar aka koma tuta ɗaya. Yanzu dubi can ƙasa, ƙarƙashin layin da sojojin ke tsaye a kai: PCONST. A nan ne kuskure na biyu yake, kuma ina yi wa mutumin uzuri a kansa, don ya kayar da mutane da yawa. A shekarar 328 an sauya wa birnin Arles da ke kudancin Faransa ta yau suna zuwa Konstantina, sai maƙerar kuɗin birnin ta koma sa CONST, da P ko S a gaba don nuna ɗakin aiki na farko ko na biyu. Maƙerar Konstantinoful kuwa CONS take sawa, harafin Girkanci na ɗakin aiki ya biyo baya. Ka ga ke nan an raba ƙwandalar nan da ubangidanta, an kuma ɗauke ta daga wannan gefen daular an kai ta wancan.

Batun "ba a cika samunta ba" kuwa, irin wannan bugu yana cikin mafi yawa a duk kuɗin Rumawa da suka iso hannunmu. Wani lokaci dillali na kwafo alamar ƙaranci daga babban kundin nan da ake kira RIC, wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923. Kundin nagari ne, da shi muke aiki kullum. Amma ƙarancin da ya ƙiyasta ya dogara ne da abin da marubutansa suka ƙirga a gidajen tarihi da manyan tarin zamaninsu, kuma gidajen tarihi ba su damu da tara ƙananan tagulla iri-iri ba. Daga baya injin gano ƙarfe a ƙasa ya yaɗu, ƙasashen gabashin Turai suka buɗe, kaya suka kwararo kasuwa. Abin da kundi ya kira mai wuya a da, yau ana iya samunsa a kowane faranti.

Ka riƙe wannan: sunan da tarihi ke kiran sarki da shi sau da yawa ba shi ne a kan kuɗinsa ba. Ba za ka taɓa ganin "Karakala" a kan dinarin azurfar Rum ba, laƙabi ne da aka ba shi saboda wata alkyabba da yake yawan sawa. Abin da za ka gani shi ne ANTONINVS PIVS AVG. Elagabalus, wanda ya yi mulki daga 218 zuwa 222, shi ma sunan da ya ɗauka ke nan. Ga kuma ainihin Antoninus Piyus, dattijo mai gemu, da ya mulki Rum daga 138 zuwa 161. Mutum uku, suna ɗaya. Na dattijon ba ya ɓuya. Wahalar tana tsakanin Karakala yana saurayi da Elagabalus, domin dukansu samari ne, sau da yawa marasa gemu a kan kuɗin. A nan na taɓa faɗuwa ina sabon shiga. Na sayar wa wani mutum azurfar Elagabalus da sunan Karakala, bayan makonni ya dawo da ita, ya nuna min IMP da ke gaban sunan da tauraron da ke bayanta, alamun da suka fi zuwa a kuɗin Elagabalus. Na mayar masa da kuɗinsa, na kuma gode masa. Tun ranar ban ƙara rubuta sunan sarki a takarda ba sai na karanta rubutun gaba da baya harafi bayan harafi, na kuma duba lambar da ke bin TR P, gajarcen wani ikon sarauta da ake sabuntawa duk shekara, lambar da ke ƙirga shekarun da sarki ya riƙe wannan iko, in ga ko ta dace da shekarun mutumin da nake zato.

Irin wannan tarko yana da yawa. MAXIMIANVS na iya zama Maksimiyan abokin mulkin Diyokletiyan, yana iya zama Galeriyus idan ka ga GAL VAL a gaba. Kalaudiyus biyu ne, tsakaninsu fiye da shekara 200. Fawustina uwa da 'ya. Ba sai na lissafa maka duka ba, za ka haɗu da su.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne kuɗin Iskandar Mai Girma na Makidoniya, domin a nan kuskure ke da tsada. Azurfar nan mai nauyin kusan giram 17 tana da kan wani saurayi sanye da fatar zaki, a baya kuma Zeyus, babban abin bautar Girkawa, na zaune riƙe da gaggafa, da sunan Iskandar da Girkanci. Dillalai kan rubuta "hoton Iskandar". Kan Herakles ne, gwarzon tatsuniyar Girkawa. Sai kuma su sa shekarun mulkinsa, 336 zuwa 323 kafin haihuwar Annabi Isa, kamar dai duk abin da ke ɗauke da sunansa a rayuwarsa aka buga. Ba haka ba ne. 'Yan kasuwa da sojojin haya sun amince da wannan kuɗi ƙwarai, shi ya sa magadansa da birane masu yawa suka ci gaba da buga shi da sunansa fiye da shekara 200 bayan ya mutu a Babila. Za ka ji ana cewa idan ƙafafun Zeyus suna jere to bugun rayuwarsa ne, idan ɗaya ta koma bayan ɗaya to bayan mutuwarsa ne. Wannan alama ce ta fara bincike kawai, tana da togaciya. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙananan tamburan da ke gaban Zeyus da ƙarƙashin kujerarsa, a gwada su da kundin Martin Price na 1991. Duk wanda ya ce maka "bugun rayuwarsa" bai ba ka lambar Price ba, nemi lambar. In ya bayar, kai ma ka buɗe ka duba, don lambar ita ma ana kwafe ta daga wata ƙwandalar da ta yi kama.

Tunda kana karanta Larabci, kana da abin da dillalai da yawa ba su da shi. Bayan gyaran kuɗi na Halifa Abdulmalik bin Marwan, wanda dinarinsa na rubutu zalla ya fito a shekara ta 77 bayan Hijira, dirhamin Banu Umayya ba ya ɗauke da sunan halifa ko kaɗan. Sunan gari ne da shekara, an rubuta ta da kalmomi a kewaye. Da shekarar ake gane zamanin wa aka buga. To rubutun Kufi na wannan lokaci ba shi da ɗigo, sai "sab'a" da "tis'a" su zo kusan kama ɗaya. Dubi haƙoran haruffan: a bakwai, gajeru uku na sinun ne ke fara zuwa sannan dogo ɗaya, a tara dogon ne ke gaba. Dirhamin garin Wasiɗ na ƙasar Iraƙi na shekara ta 97 na zamanin Sulaiman bin Abdulmalik ne, amma idan aka karanta shi 99 sai a liƙa masa sunan Umar bin Abdul'aziz, wanda masu saye suka fi so. Ko na 99 ɗin na gaskiya ma ba za ka rantse ba, don a cikin shekarar Sulaiman ya rasu Umar ya hau. Mai gaskiya sai ya rubuta sunayen biyu. Haka nan za ka ga dirhami mai hoton Kisra na Biyu an sa shi cikin kuɗin Farisa, alhali a bakin da'irarsa akwai "bismillah" da Larabci, shaidar cewa gwamnonin Musulmi ne suka buga shi bayan Kisran ya mutu a 628.

Yanzu rabin tambayarka na biyu. A'a, yawancin masu kuskure ba macuta ba ne. Mutum ya sayi ƙwandaloli ɗari biyar a tare, dole ya rubuta bayaninsu cikin kwana biyu, ga tsohuwar takardar mai su na da a maƙale, sai ya kwafa. Haka kuskure ɗaya ke yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru, kowa na jingina da na gabansa. Yadda nake rarrabewa shi ne in duba inda kurakuran mutum suka karkata. Mai gaggawa yana kuskure ta kowane ɓangare, yau ya ɗaga kaya gobe ya kayar da nasa. Wanda kullum kuskurensa ke mai da ɗa uba, ya mai da na bayan mutuwa na rayuwa, ya mai da gama-gari mai wuya, wannan ba gaggawa ke damunsa ba. Sai gwaji na biyu: a rubuta masa cikin ladabi, a nuna masa haruffan da lambar kundi. Mutumin kirki zai gyara, ko ya kawo hujjar da ta fi tamu, kuma hakan na faruwa, ka shirya karɓa. Wanda ya yi shiru ya bar bayanin yadda yake, mun gama ciniki da shi.

Kada kuma ka ɗauka sunan sarki ne kaɗai ake kuskurewa. Sikeli na faɗin abin da ido ya rasa. Dinarin azurfa da ya yi sauƙi fiye da kima, ko tagulla ke leƙowa ta wani tsagi a jikinsa, sau da yawa jabu ne na tun zamanin da, an yi masa rufin azurfa. Yana da masu sonsa, amma a sayar da shi da sunansa. Tagullar da haruffanta suka fi sauran jikinta kaifi, wani ya bi ta da kayan sassaƙa, kuma mai irin wannan aiki kan ƙara harafin da babu shi tun asali.

Za ka tambaye ni wata rana, don haka bari in faɗa tun yanzu: idan kuskuren ya faɗo ta wajenmu fa, dillali ya sa abu mai daraja da sunan gama-gari? A gwanjo, inda kowa ke ganin hoto ɗaya kuma mai kayan ɗan sana'a ne, karatun da ka sha wahala a kai haƙƙinka ne, ka saya. Amma idan magaji ne ya kawo mana akwatin mahaifinsa yana tambaya mene ne waɗannan, amana ya ba mu. A nan za ka faɗa masa abin da yake riƙe da shi ko da cinikin zai kuɓuce mana. Ban yarda a yi wasa da wannan a gabana ba.

Ƙwandalar da ka nuna min ba ta da laifi, tana da kyau, kuma in farashinta na gama-gari ne za mu iya ɗauka. A littafi ka rubuta: Konstantin na Biyu yana Kaisar, maƙerar Arles, ɗakin aiki na farko, tsakanin 330 da 335, sai nauyi da faɗi idan ta iso, da rubutun gaba da baya yadda ka gan su. Harafin da ba ka gani da idonka ba, sa shi cikin baka-biyu a rubutunka. Lambar RIC tana juzu'i na 7, ka nemo ta da kanka. Tsohuwar takardar dillalin kuma kada ka jefar, ajiye ta a bayan tamu, domin ita ce shaidar hannun da ƙwandalar ta bi. Gobe da safe akwai faranti mai tagulla talatin na gidan Konstantin da ban taɓa ba. Ka rufe takardunsu, ka karanta min su ɗaya bayan ɗaya.