Me ya sa na hana ka goge agogon nan

Kashe injin gogewar nan tukuna, jawo benci ka zauna. Tun da hantsi nake ganin ka sha kunu don na karɓe agogon mutumin nan daga hannunka. Ka ce mini, "Maigida, mutum ya kawo agogo duk ya dafe, fuskarsa ta yi ɗigo-ɗigo, ba aikinmu ba ne mu mayar masa da shi fes kamar sabo?" Tambayarka a kan hanya take. Da Seiko 5 ne da mai shi ke ɗaurawa kullum ya tafi kasuwa, wallahi ko kallonka ba zan yi ba, ka goge shi har ka ga haƙoranka a ciki. Wannan kuwa lissafinsa daban.

Ungo gilashin, maƙala a idonka. Omega ne, samfurin Constellation. Dubi fuskar da kyau: tsakiyarta a tashe take, gefen ya gangara da kusurwa 12, kamar an kife ɗan faranti. Yanzu juya bayansa. Ka ga tambarin nan, ginin duban taurari, da taurari a samansa? Ƙirga mini. Takwas cif, kowanne da tsininsa. To shafa yatsanka a kan kunnuwan nan huɗu da ke riƙe maɗauri. Ka ji kaifin gefensu? Haka suka fito daga masana'anta a Suwizalan, kuma shekara 60 da ɗoriya ba wanda ya taɓa su. Injin da ka kunna ɗazu ƙarfe yake ci, dattin a bakin hanya kawai yake tarar da shi. Minti biyu ka danna agogon nan a kai, taurarin sun koma ƙuraje, kunnuwan sun yi sumul kamar sabulun da aka yi mako ana wanka da shi. Ƙarfen da ya tafi kuma ya tafi ke nan, ba malamin da zai dawo da shi.

Na riga na buɗe murfin, leƙa ciki. Injin kalar tagulla yake, haka Omega ke yin nasu a wancan zamani. Ga lamba 561, sunan injin ke nan, mai duwatsu 24, wato 'yan duwatsun da ƙafafun haƙoran inji ke juyawa a ciki, mai wana kansa da motsin hannu. Doguwar lambar da ke gefe ta fara da miliyan 20, wato an ƙera shi wajen 1963. Yaron da ya kawo shi ya ce mahaifinsa marigayi a Jidda ya saye shi lokacin da ya je sauke farali, to ka ga maganarsa da lambar ba su saɓa ba. Kafin ka rufe, karkata cikin murfin zuwa haske. Waɗannan 'yan ƙarce-ƙarcen ba ɓarna ba ce, masu gyara uku ne suka gabace mu, kowa ya sa alamarsa da bakin allura bayan ya gama aiki. Ni ma zan sa tawa a ƙarƙashinsu, ƙarama.

Abin da ba ka sani ba shi ne akwai mutanen da irin waɗannan tsofaffin agogunan suke tarawa, kamar yadda wani ke tara dawaki. Suna Jeniba, suna Landan, suna Hong Kong da Dubai, kuma dillalansu na zuwa har nan suna bin gidajen gado. Su ba lokaci suke nema ba, yana cikin wayarsu. Abin da suke biya wa kuɗi shi ne agogo ya zo musu yadda ya fito, fuska ta asali, allurai na asali, ɗan kan da ake wanawa na asali, jiki ba a gurje ba. Tsufan da kai kake wa kallon datti, shi ne shaidarsu cewa ba a yi masa siddabaru ba. A watan Oktoba na 2017 an yi gwanjon wani Rolex Daytona a Amurka, na ɗan fim ɗin nan Paul Newman, aka saye shi dala miliyan 17.8. Agogon ƙarfe ne fa, ba zinari ba. Matarsa ce ta ba shi, ta sa aka zana masa rubutu a bayan murfi. Ka ƙaddara an kawo maka shi ka ce bari ka fitar masa da sheƙi. Abin dariya ma, irin fuskar da ke jikinsa, lokacin da take sabuwa mutane ba sa so, sai agogon ya daɗe a kanti ba mai taya shi. Rashin farin jinin nan ne ya sa ba su da yawa, ƙarancin kuma ya zama kuɗi.

Kai ka taso ka tarar da agogon batir, shi ya sa ba ka ga abin da ya faru ba. A ƙarshen 1969 Seiko na Japan suka fito da agogon hannu mai batir, Astron. Da farko tsada gare shi, amma cikin shekara goma farashin agogon batir ya karye, ya zama ko ɗan makaranta na iya saye, ga shi ya fi mai sifirin riƙe lokaci nesa ba kusa ba. Masana'antun Suwizalan suka yi ta rufewa. Ma'aikatan agogo a ƙasar sun kai wajen 90,000 a 1970, kafin tsakiyar shekarun 1980 sun dawo wajen 30,000. Mu nan ma guguwar ta same mu. Da idona na ga mutum ya cire Omega daga hannunsa ya ce a ba shi Casio mai fitila da ƙararrawa, har yana ganin ya ci riba. Na zinari aka narkar, na ƙarfe aka jefa a adaka, wasu yara suka farfasa don su ga abin da ke motsi a ciki. Waɗanda suka rage kuma yawancinsu sun bi ta hannun irinmu, mun yi musu gyaran gangar Auzinawa.

Na ce irinmu don har da ni. Ina da ƙuruciya, ban daɗe da buɗe teburina ba, wani direban babbar mota ya kawo mini Rolex Submariner na shekarun 1960. Fuskarsa baƙa ce a asali, amma rana da zafi sun dafa ta ta koma kalar goro. Na ce masa ai wannan ta mutu. Na samo wata baƙa wuluk na sa masa, na canza allurai, na gurje jikin har yana ɗaukar ido. Ya biya ni da murna, har da goro a kai. Tsohuwar fuskar na jefa a gwangwanin madara inda nake tara tarkace. Bayan shekaru ya dawo da wani dillali daga Legas, wai zai sayar ya aurar da 'yarsa. Dillalin ya sa gilashi ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ɗago ya ce, "Ina tsohuwar fuskar?" Ashe wannan kalar goron ita masu tarawa ke hauka a kanta. Gwangwanin kuwa tuni na sayar wa 'yan jari-bola da kilo. Kuɗin da aka taya agogon bai kai rabin abin da dillalin ya ce da zai biya ba. Direban bai zage ni ba, ya dai ce Allah ya kyauta, ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tunda maganar fuska ta zo, koyi gane wadda aka sake wa fenti, don za a yi ta kawo maka su a ce ka duba kafin a saya. Rubutun masana'anta siriri ne, tsaf, kowane harafi da ɗan ƙafarsa. Na mai fenti yakan yi kauri, tawada ta ɗan malala, layukan minti ba sa zama daidai da alamomin awa. In ka ga agogon da injinsa ya nuna shekara 50 amma fuskarsa fes ba tabo ko ɗaya, yi shakka. Akwai waɗanda ake haɗawa a Mumbai, inji daga nan, jiki daga can, fuska mai kalar shuɗi ko lemo da kamfanin bai taɓa yi ba, an rangaɗa suna a kai. Suna tafiya, ba su da tsada, wanda ya saya don ɗaurawa bai yi asara ba. Amma kada ka taɓa bari a sayar wa mutum shi a matsayin na asali da shaidarka.

Wani abu kuma da ya shafi lafiyarka. Ka san ɗigon nan da ke haske da dare a kan allurai? A agogunan da aka yi kafin farkon shekarun 1960, da sinadarin radiyom ake haɗa shi. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar na nan, sai ta shekara 1,600 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi. 'Yan matan da ke shafa shi a masana'antun Amurka a shekarun 1920, suna lasar bakin burushi don ya yi tsini, da yawansu ciwon ƙashi da na muƙamuƙi ya kashe su. Na ga kana da ɗabi'ar hura fuskar agogo da baki. Ka daina daga yau. In ka ga ɗigon ya yi ruwan ƙasa yana marmashewa, kada ka kankare, kada ka hura, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Waɗanda suka biyo baya za ka ga harafin T a ƙasan fuska kusa da sunan ƙasar, wannan tiritiyom ne, ya fi sauƙi ƙwarai.

To me za mu yi wa na gabanmu, tunda ba mayar da shi za mu yi haka ba? Aikin yana ciki. Za mu kwance injin gaba ɗaya, kowane haƙori da kowane sukuru a wanke shi, don man da ke ciki ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙullu, shi ke cin ƙafafun haƙoran a hankali. Babban sifirin in ya gaji a canza shi, wannan ba mai tarawa da zai yi ƙorafi. Mai kuma ɗigo ne da bakin allura a cikin kowane dutse, in har ido ya gan shi ba gilashi to ya yi yawa. Robar murfi a sa sabuwa. Gilashin gaban na roba ne, ƙarcensa na fita da ɗan man gogewa da tsumma, kuma ka lura a tsakiyarsa akwai tambarin Omega ƙanƙane kamar ƙwayar gero, shi ya sa ba za mu canza shi ba sai in ya tsage. Jikin kuwa ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori, bayan an cire inji. Fuska ba ruwanka da ita, sai iska daga robar hurawa. Duk abin da muka cire, ko sukuru ɗaya ne, a ƙulle shi a 'yar leda a miƙa wa mai shi.

Idan ya zo karɓa, ni zan yi masa bayani, kai ka tsaya ka saurara. Zan gaya masa ya riƙa cire shi in zai yi alwala, don agogon 1963 ba ya jure ruwa ko da sabuwar roba. Zan gaya masa abin da ke hannunsa, kada wani ya taya masa shi kuɗin cefane. In ya ji duk wannan ya ce shi dai sheƙi yake so, kayansa ne, sai mu goge masa da hannu a hankali, mu kauce wa taurarin.

Tashi ka ɗauko hantsaki da ƙaramin sukundireba, ka shimfiɗa farar takarda. Kai za ka cire nauyin nan mai juyawa da ke wana injin, ina kallonka. Sifirin ɗin nan mai kama da gashi kuwa, ko numfashi kada ka yi a kansa.