Amsa ga mai son haɗa jirgin ruwa mai farfelar sama na rimot

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son haɗa jirgin nan mai fanka a baya da ake tuƙawa da rimot, kana tambaya wane moto zaka saya mai gudu sosai. Gaskiya shawarata ka bar maganar gudu tukuna, jikin jirgin shi ne aikin. Irin wannan jirgi, kamar manyan da ake shiga fadamun Fulorida da su a Amurka, babu komai nasa a ƙarƙashin ruwa, gindinsa shafe yake, shi ya sa yake bi ta kan kainuwa da ruwan da bai kai idon sawu ba, amma kuma moto da farfela duk suna sama, nauyi yana sama kenan, kwana ɗaya mai kaifi sai ka ga ya kife.

Don haka ka yi shi da faɗi. In tsawon ya kai santimita 60, faɗin kada ya gaza 30, gaban kuma ka ɗan fere shi ya ɗaga sama don kada ya riƙa nitsa kai. Farin fom ɗin nan da ake samu cikin kwalin firji ko talabijin ya isheka na farko, ko ya kife ba zai nutse ba. Kada ka sa masa sufa gulu, cinye fom yake yi, haka fentin feshi. Gam na bindiga ko epoxy mai haɗi biyu zaka nema, sai ka liƙe gindin da faffaɗan salatif ya yi santsi. Inda moto zai zauna ka kafa siririn falanki, fom kaɗai baya riƙe ƙusa.

Moto kuwa A2212 mai 1400KV da ESC 30A (na'urar da ke sarrafa gudun moton) da farfela inci 8, batir LiPo 3S (wato mai sel uku) 2200mAh, ya wadatar har ya yi yawa ga mai koyo. Ka saukar da moton ƙasa iya yadda farfela ba zata taɓa jiki ba, ratar yatsa ɗaya ta isa. Batir shi ya fi komai nauyi, ka yi masa rami cikin fom ɗin ya zauna can ƙasa, ka bar wuri yadda zaka iya matsar da shi gaba ko baya, domin da shi ake saita jirgin, in hanci na nitsewa ka ja shi baya, in yana tsalle yana dukan ruwa ka tura gaba. Zaka kuma lura yana karkata gefe guda in ka buɗe wuta, juyin farfela ne ke murɗa shi, sai ka ɗan gusar da batir ɗin ɗaya gefen. In moton ya juya baibai, musanya biyu daga wayoyi ukun da suka haɗa moton da ESC kawai.

Faifan sitiyari a bayan farfela yake tsayawa cikin iskarta, sarbo kuma, wato ɗan injin da ke juya faifan, ƙaramin MG90S ya fi SG90 saboda haƙoransa na ƙarfe ne. Abin da sababbi basa ganewa, in ka kashe wuta babu sitiyari, babu birki, babu ribas, sai dai ka ɗan ba shi wuta ya juya. Ka koyi wannan a tsakiyar ruwa nesa da gaɓa.

Risiba, wato na'urar da ke karɓar sigina daga rimot, ka sa ta cikin balan-balan ka ɗaure bakin, ko robar abinci mai murfi. Ka saita rimot ɗin yadda moto zai mutu in sigina ta yanke, kuma ka cire farfela duk lokacin da kake gwaji a ɗaki.

Don Allah ka yi wa farfelar keji da waya. Kududdufi baya rabuwa da yara, da sun ji ƙara zasu taru, farfelar nan kuwa tana tsaga yatsa har ƙashi. In jirgi ya mutu a tsakiya kada ka tura yaro ya ɗauko, ka tafi da doguwar igiya ɗaure da gorar ruwa, ka jefa ta bayansa ka jawo.

Batir kuma kada ya sauka ƙasa da 3.3V kowane sel, kada ka bar shi cikin mota da rana irin ta watan Afrilu, in ya kumbura a daina amfani da shi. Ka turo hoton fom ɗin in ka yanka kafin ka liƙa komai, mu duba faɗin tare.